Daga Ƙungiyar Dashen Itace Zuwa Malamin Gandun Daji: Yadda Ake Bin Hanyar a Katsina da Daura

Kusan kowace damina za ka ga wata ƙungiyar matasa a Katsina, ko Daura, ko Mashi, ko Mai'adua ta fito da riguna iri ɗaya, an dasa itatuwa a bakin hanya, an ɗauki hoto an sa a Facebook. Ka koma wurin a watan Afrilu, sai ramuka da guntayen leda. Irin wannan ƙungiya ba ta kai kowa ko'ina. Wadda take iya mai da yaro malamin gandun daji, wato mai koyar da ilimin daji, ita ce mai gidan rainon tsirrai nata na kanta, mai littafin rajista, wadda manyan cikinta suke koya wa ƙanana. Idan matashi ya yi shekara biyu ko uku a irinta, kuma ya haɗa da darussan da suka dace a sakandare, to ya riga ya ɗauki rabin abin da ake nema a wurin malami tun kafin ya taka ƙofar kwaleji.

Kafa ƙungiyar

Mafi sauƙi shi ne a kafa ta cikin makarantar sakandare, ƙarƙashin malamin Aikin Gona. Idan akwai Ƙungiyar Matasa Manoma da ta kwanta, a tashe ta, a buɗe mata reshen itatuwa. Mutum 15 zuwa 25 sun isa. Da an wuce haka sai aiki ya zama na kowa, wato na babu kowa. Kada a ɗora ragamar a kan 'yan aji shida, domin jarrabawar WAEC da NECO tana ɗauke su daidai lokacin da tsirrai suka fi buƙatar hannu. 'Yan aji huɗu da biyar su riƙe aiki, 'yan ƙaramar sakandare su zama masu koyo.

Wanda yake wajen makaranta, ya fara da mai unguwa ko dagaci kafin ya tafi yin rajista a ƙaramar hukuma. Abu biyu a rubuta su a takarda tun ranar farko: filin na wane ne, kuma itatuwan idan sun girma na wane ne. Yawancin rigimar da take kashe irin wannan aiki daga nan take tasowa, bayan shekara biyar, lokacin da bishiyar turare ta isa yanka.

Sannan a je ofishin gandun daji na ƙaramar hukuma a gai da malamin daji, a roƙe shi ya zama uban ƙungiya. Shi ya san inda ake samun iri mai kyau, shi ya san dokar sare itace, kuma takardar shaidar da zai rubuta wa yaro nan gaba tana da nauyi.

Gidan raino, inda ake koyon aikin

A fara da tsiro 500 zuwa 1,000 a shekarar farko. Abin da zai yanke yawan shi ne ruwa. Leda 1,000 suna cin fili kamar murabba'in mita 10, kuma a zafin Afrilu da Mayu suna shan kimanin lita 200 a rana, wato jarka 8 mai lita 25, rabi da safe rabi da yamma. Idan famfon makaranta ba zai iya ba da wannan kullum ba, har da lokacin hutu, a rage yawan leda. Hutun zango na biyu yakan faɗo a tsakiyar bazara, kuma kwana uku ba ruwa ya isa ya ƙone aikin wata biyu. A raba ranakun ban ruwa ga yaran da suke kusa da makaranta, a rubuta sunaye a manna, a kuma ja mai gadi a jiki.

Wurin ya zama mai kewaye, ko da na ƙaya ne ko zana, saboda awaki. Rumfa ta karan dawa ce, mai tsawon da mutum zai iya sunkuyawa ya yi aiki, wadda take barin rabin hasken rana ya shiga. Kwamin jera leda faɗinsa kada ya wuce mita 1, don hannu ya kai tsakiya daga kowane gefe, a bar hanyar rabin mita tsakanin kwami da kwami.

Haɗin ƙasa da aka saba shi ne baro 2 na ƙasar sama, baro 1 na yashi, baro 1 na ruɓaɓɓen taki, a tankaɗe da rariya. Amma ƙasar Daura, Zango da Baure jigawa ce, yashin yana cikinta tun asali. A can a bar yashi, a yi baro 3 na ƙasa da 1 na taki, in da hali a ƙara ɗan laka daga fadama don haɗin ya riƙe ruwa. Gwajin shi ne a jiƙa a dunƙula a hannu: ya dunƙulu, amma in an matsa da yatsa ya farfashe. Takin da bai ruɓe ba yana da zafi, yana ƙone saiwa, kuma yana kiran gara. Leda ta kai tsawon santimita 20 zuwa 25, a huda ta a ƙasa wuri huɗu zuwa shida. Ledar fiya-wata tana yi wa zogale da tsirran da ba za su daɗe ba, amma ta yi wa gawo gajarta, don uwar saiwarsa tana nutsawa da sauri.

Iri shi ne wurin da ake gane wanda ya san aiki. Kowace bishiya da halinta. Gawo da bagaruwa suna da ɓawo mai tauri, idan aka shuka su haka nan sai su yi makonni ba su fito ba, wasu ma sai baɗi. A tafasa ruwa, a sauke daga wuta, a zuba a kan irin, a bar shi ya kwana ya yini a ciki. Wanda ya kumbura a shuka, wanda bai kumbura ba a ɗan goge gefensa a kan dutse ko a ɗan yanke ɓawon da abin yankan farce, nesa da idon tsiro, a sake jiƙawa. Kada a dafa irin a kan wuta, mutuwa zai yi. Irin gawon da aka tsinto daga garken awaki ya riga ya sha wannan gyara a cikin tumbi, shi ya sa yake saurin fitowa. Kuka ma tana son gogewa ko ruwan zafi. Tsamiya da ɗanyen irin dakwara jiƙon ruwan sanyi na kwana ɗaya ya wadatar da su. Aduwa a cire naman a wanke ƙwallon kafin a jiƙa. Bedi kuwa, wanda wasu ke kira darbejiya ko dogon yaro, irinsa ba ya ajiyuwa: a tsince shi ya nuna, a wanke, a shanya a inuwa, a shuka cikin mako biyu zuwa uku. Irin turare ƙanana ne kamar gari, don haka a gauraya da yashi a yafa a faranti ko kasko, a riƙa ba shi ruwa a hankali, sai ya yi ganye huɗu a cire a mayar leda. Akwai hanyar gyara iri da ruwan asid da ake yi a manyan gidajen raino. Ba aikin yara ba ne, kada a kawo shi makaranta.

Kafin a cika leda da iri a yi gwaji: a ƙirga ƙwaya 100, a shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhun algarara, a riƙa yayyafa ruwa, a ƙirga waɗanda suka tsira cikin mako biyu. Idan 40 suka fito, an san kowace leda sai an sa mata ƙwaya uku. Idan 85 ne, biyu sun isa. Wannan ƙaramin gwaji shi ne darasin farko da ɗan ƙungiya zai iya tsayawa gaban aji ya koyar, kuma zai sake haɗuwa da shi a kwaleji da jami'a.

Zurfin shuka kamar ninki biyu na kaurin ƙwayar. Lokaci kuma a lissafa shi daga baya. Ana dashe daga tsakiyar Yuli zuwa farkon Agusta, yawancin itatuwanmu suna buƙatar wata uku zuwa huɗu a leda, saboda haka a tara iri da ƙasa a Janairu da Fabrairu, a cika leda a Maris, a shuka daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu. A ƙara kashi 20 cikin 100 a kan abin da ake buƙata, don cike gurbin waɗanda za su mutu.

Abubuwa uku ne suka fi ɓata gidan raino. Na farko, a wayi gari a ga tsirrai sun kwanta, gindinsu ya yi baƙi ya tsuke. Yawan ruwa ne da yawan inuwa da cunkoso suka jawo ruɓa. A rage ruwan yamma, a buɗe rumfa, a cire waɗanda suka kamu. Na biyu, saiwa ta huda leda ta kama ƙasa. Ranar dashe sai a finciko ta ta tsinke, tsiron ya yi yaushi ya mutu. Maganinsa shi ne duk mako biyu a ɗaga kowace leda a matsar da ita, a datse saiwar da ta leƙo da wuƙa mai kaifi, a ba da ruwa nan take. Na uku shi ne shagwaɓa. Tsiron da ya saba da inuwa da ruwa sau biyu a rana ba zai jure fili ba. Saura mako uku ko huɗu a yi dashe, a riƙa yaye rumfar kaɗan-kaɗan, a mai da ban ruwa sau ɗaya.

Dashe da ƙidaya

Ranar 21 ga Maris ita ce ranar gandun daji ta duniya, kuma mutane da yawa suna yin bikin dashe a ranar. A Katsina wannan asarar tsiro ce, sai dai in akwai mai ban ruwa kullum har damina. A yi amfani da ranar wajen cika leda da wayar da kai. Ko 17 ga Yuni, ranar yaƙi da kwararowar hamada, sau da yawa damina ba ta zauna ba tukuna. A jira sai an tona ƙasa an ga laima ta kai zurfin kamu guda ko fiye.

Rami santimita 40 zuwa 50 a faɗi da zurfi, a haƙa tun kafin ranar. A yanke gindin leda, a tsaga gefenta, a cire ta gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta farfashe ba. A binne daidai inda ƙasar leda ta tsaya a jikin tsiro, a take da ƙafa, a yi masa ɗan kwari a kewaye don ya tare ruwa. A faƙo mai gangara a yi rabin-wata, wato kwari mai siffar rabin wata da ke tare ruwa, bakinsa yana fuskantar inda ruwa yake gangarowa. Tazarar mita 4 da 4 tana ba da itace 625 a hekta, ta mita 3 da 3 kuma 1,111. Gawo a gona mita 10 da 10 ne, wato 100 a hekta. Shingen kare iska a gicciye shi ga iskar hunturu da take busowa daga arewa maso gabas, kuma kariyarsa tana kaiwa kamar ninki goma na tsawon itatuwan. Turare kada a sa shi a gefen gonar wani ko kusa da rijiya, don yana shan ruwa ƙwarai. Itacen da ba a yi wa kariya daga awaki ba, a ɗauka ba a dasa shi ba.

Yanzu ga abin da yake raba ƙungiyar da take haifar da malamai da sauran: littafi. A sayi babban littafi mai kwali. A rubuta irin bishiya, inda aka samo iri, gyaran da aka yi masa, ranar shuka, nawa suka fito, ranar dashe, da wurin. A ƙirga rayayyu sau biyu, a Oktoba bayan ɗaukewar ruwa, da kuma a Mayu bayan sun sha rani. Ƙidayar Mayu ita ce gaskiya. Idan an dasa 400 aka tarar da 260, kashi 65 cikin 100 ke nan, a rubuta haka ba tare da ƙari ba, a kuma rubuta abin da ya kashe sauran: gara, akuya, ƙishirwa ko wuta. A koyi auna manyan itatuwa ma. A zagaya tef a jikin bishiya a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, a raba abin da aka samu da 3.14, an sami kaurinta. Ɗalibin da ya zo da littafin shekara uku irin wannan yana da abin nunawa a gaban masu tantancewa, kuma yana da tushen aikin bincikensa na ajin ƙarshe.

Sassaben zamani

Ba kowane itace ne sai an dasa ba. A gonakinmu akwai kututturan kalgo, sabara, magarya, aduwa da gawo da suke tofowa duk shekara ana sassabe su. Maƙwabtanmu na jihar Maraɗi sun fara kyautata dabarar rainon waɗannan kututture maimakon sassabe su tun shekarun 1980, har ta mamaye miliyoyin hekta a Nijar. A kowane kututture a zaɓi rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, a sare sauran, a datse ƙananan rassan gefe zuwa rabin tsayi, da wuƙa ko gatari mai kaifi, ana saran daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya ɓare. A ɗaura tsumma a jiki don masu kiwo da masu itace su san an kama shi. Tunda saiwar ta daɗe a ƙasa, girmansa ya fi na dashe sauri, kuma ba ya neman ban ruwa.

Wannan ne aikin da ya kamata ƙungiya ta fita da shi cikin gari, domin a nan matashi yake koyon magana da manya. Manomi zai ce, "Ɗan nan, in na bar itace a gonata, gobe malamin daji ya hana ni sara, wa ya ci riba?" Ko ya ce inuwa za ta danne masa gero, ko tsuntsaye za su taru. Tambayoyi ne na gaskiya. Amsar ta farko sai an zo da malamin dajin kansa ya yi bayani a gaban dagaci. Ta biyu kuwa gawo ya amsa ta, tunda shi da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, kuma kowane dattijo ya san yadda gero yake a gindinsa. Wanda ya iya cewa "Baba, a ba mu kadada guda mu gwada" har aka ba shi, ya iya koyarwa. A tsaya a gonakin kusa da gari. Dajin Rugu da makamantansa ba wurin kai ɗalibai ba ne a halin tsaron da ake ciki.

A cikin ƙungiya kuma a sa doka: duk mako mutum ɗaya zai koyar na minti 15, da abin nunawa a hannu, ya rubuta shirin darasinsa a shafi ɗaya, malami ya duba ya sa hannu. 'Yan mata kada a bar su a ɗiban ruwa kawai. Mata ne suka fi hulɗa da itacen girki, kuka, zogale da ɗorawa, kuma akwai gidajen da malama ce kaɗai za ta iya shiga ta koyar.

Takardun da ake nema

Ƙwarewar hannu ba ta maye gurbin kiredit. Yara da yawa masu son wannan fanni suna faɗuwa tun a aji huɗu, ranar da suka zaɓi ɓangaren da babu Kimistiri. Ana neman kiredit biyar da suka haɗa da Turanci, Lissafi, Kimistiri, da Bayoloji ko Aikin Gona, na biyar yawanci Fiziks ko Jogirafi. A JAMB kuma Turanci, Kimistiri, Bayoloji ko Aikin Gona, da Lissafi ko Fiziks. A duba kundin JAMB na shekarar kafin a cike fom, domin makarantu suna bambanta a ƙananan sharuɗɗa.

Mai son digiri yana da sashen gandun daji a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a cikin jiharmu, da Jami'ar Bayero a Kano, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Karatun shekara biyar ne, akwai shekarar aikin fili a ciki. Wanda makinsa bai kai ba, ko yake son aikin hannu, ya nemi Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Jos ko wadda ke Afaka a Kaduna, dukkansu ƙarƙashin cibiyar binciken gandun daji ta ƙasa mai hedikwata a Ibadan. Ƙaramar difloma (ND) shekara biyu, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, babbar difloma (HND) shekara biyu. Da sakamakon ND mai kyau ana iya neman shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, kuma ga mai burin zama lakcara wannan ya fi masa, domin mai HND sai ya yi difloma ta gaba da digiri kafin a ɗauke shi digiri na biyu, kuma a kwalejoji yawanci a layin masu koyar da aikin hannu ake sa shi.

A sakandare, ilimin daji yana cikin darasin Aikin Gona ne, don haka malamin Aikin Gona za ka zama. Hanyar ita ce NCE ta shekara uku a fannin koyar da Aikin Gona, a irin su Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina ko Kwalejin Isa Kaita da ke Dutsin-Ma. Mai digirin gandun daji kuwa sai ya ƙara PGDE, wato diflomar koyarwa ta masu digiri, wadda ake yi a jami'o'i ko ta Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, sannan ya rubuta jarrabawar TRCN, hukumar rajistar malamai, ya karɓi lasisi. Mutane da yawa suna jinkirta wannan har sai an buɗe ɗaukar malamai, lokacin kuwa an makara. Koyarwa a jami'a tana son digiri mai daraja ta ɗaya ko ta biyu babba, sannan digiri na biyu da na uku, don haka maki tun daga aji ɗaya ake tara shi.

Akwai koyarwar da ba ta allo ba: horar da manoma da ƙungiyoyi. Katsina tana cikin jihohi 11 da hukumar Babbar Katangar Itatuwa, wadda aka kafa a 2015, take aiki a cikinsu, tana kuma cikin shirin farfaɗo da ƙasa na ACReSAL na Bankin Duniya. Tun ƙarshen shekarun 1980 jihar take da shirin dashen itatuwa da Tarayyar Turai ta tallafa wa a farkonsa, kuma tsofaffin ma'aikatansa suna nan a garuruwanmu, a neme su a tambaye su. Irin waɗannan shirye-shirye suna buƙatar wanda zai tsaya gaban mutum talatin ya nuna cika leda da sassabe da Hausa mai daɗin ji.

Lokacin karatu kada a yanke da ƙungiya. Duk hutu a dawo a koyar, a zaɓi aikin binciken ƙarshe daga matsalar da ke cikin littafin rajista, misali wace hanya ce ta fi fitar da irin gawo, ko me ya sa dashen gefen yamma ya fi mutuwa. A yi fayil ɗaya a tara kwafin littafin, shirin darussan da malami ya sa wa hannu, takardar shugaban makaranta da ta malamin daji masu ɗauke da kwanan wata da adadin tsirrai, da hotunan wuri ɗaya da aka ɗauka daga kusurwa ɗaya a Agusta da Mayu na kowace shekara. Idan aka ce ka yi darasin gwaji a wurin tantancewa, ka zo da iri biyu na gawo, wanda aka jiƙa da wanda ba a jiƙa ba, da leda ɗaya mai tsiro, ka yi darasinka na minti goma a kansu.